Maƙwabtaka da Tashar Nukiliya: Ina Gaskiyar Batun Cutar Daji?

A watan Disamba na 2007 aka fitar da sakamakon wani bincike a Jamus wanda har yau ba a gama cece-kuce a kansa ba. Gwamnatin ƙasar ce ta sa a yi shi, kuma cibiyar da ke rajistar yara masu cutar daji a birnin Mainz ce ta gudanar. Aikin da suka yi mai sauƙin fahimta ne. Sun ɗauko sunayen yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu da kansa a yankunan da ke kewaye da tashoshin nukiliya 16 tsakanin 1980 da 2003, suka auna nisan gidan kowane yaro zuwa bututun hayaƙin tashar da ta fi kusa da shi, sannan suka gwada da nisan gidajen tsararrakinsu masu lafiya. Cikin da'irar kilomita biyar daga tashoshin sun iske yara 37 masu sankarar jini, alhali bisa lissafin ƙasar baki ɗaya kusan 17 ya kamata a gani. Ninki biyu ke nan da ɗoriya.

Duk uwar da ta ji wannan, magana ta ƙare a wurinta, kuma ba a ga laifinta ba. Sai dai su kansu masu binciken, a cikin rahoton nan dai, sun rubuta cewa tururin da tashoshin ke fitarwa bai kai ya haddasa abin da suka gani ba. Hukumar kare jama'a daga tururin nukiliya ta Jamus ta sake bin lissafin, ta ce sai an ninka abin da mazauna wurin ke samu fiye da sau dubu kafin ya iya bayyana wannan ƙari. To ga yara ashirin da suka haura lissafi, ga kuma awon da ya ce wanda ake tuhuma ba shi da ƙarfin aikata laifin. Duk rikicin batun nan yana tsakanin waɗannan biyun ne, kuma na lura kowane ɓangare yakan ɗauki ɗaya ya rufe ido ga ɗayan.

Kalmar "tururi" ma da muke amfani da ita tana ɓatar da mutane. Farin gajimaren nan da ake gani yana tashi daga manyan hasumiyoyin tasha a hotunan jaridu tururin ruwa ne zalla, irin na tukunya, daga ruwan da ake sanyaya injuna da shi. Abin da ake tsoro, wato radiyeshan, ba a ganinsa, ba ya wari, ba a jin shigarsa. Wani ƙarfi ne da ke fita daga ƙwayoyin zarra marasa natsuwa yayin da suke rushewa. Idan ya ratsa jiki yana iya tsinka zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta, wato rubutun da ke gaya mata yadda za ta rayu da lokacin da za ta daina haihuwa. Jiki ya saba da irin wannan ɓarna, kullum yana cikin ɗinki. Mafi yawan lokuta ɗinkin yana yin daidai, ko kuma ƙwayar ta mutu a huta. Jefi-jefi ɗinkin kan karkace, ƙwayar ta rayu da kuskurenta, ta haifi 'ya'ya masu kuskuren, in wasu kurakuran suka taru a kai bayan shekaru sai ta zama daji. Saboda haka lamarin kamar jifa ne a kasuwa. Yawan jifan yana ƙara yiwuwar a samu wani, amma ba mai iya nuna wanda za a samu, kuma kansar da radiyeshan ya jawo ba ta da tambarin da likita zai gane ta da shi a cikin sauran.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira sibat, kuma da yake sibat ɗaya abu ne mai yawa, an fi magana da milisibat, wato kashi ɗaya cikin dubu. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa jin sunan nukiliya ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga halittar Allah kawai: daga duwatsu da ƙasa, daga sararin sama, daga sinadarin fotasiyam da ke cikin abinci da cikin naman jikinsa, sai kuma iskar radon da ke tsattsafowa daga ƙasa ta taru a ɗakuna, wadda ita kaɗai ta kai kusan rabin jimlar. Wannan matsakaici ne. A garin Ramsar na Iran da gaɓar tekun Kerala a Indiya akwai unguwannin da mutane ke shan ninkin-ba-ninkin haka tun kaka da kakanni. Hoton ƙirji a asibiti bai wuce milisibat 0.1 ba, hoton CT na ciki kuwa yana kai wa 8 zuwa 10. Ƙa'idar duniya ta ce kada ayyukan nukiliya su ɗora wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara, ma'aikaci kuma kada ya wuce 20 a matsakaici. Shi kuwa maƙwabcin tashar da ke aiki lafiya lau, abin da ake ƙiyasta yana samu daga gare ta yawanci bai haura milisibat 0.01 a shekara ba. Fasinjan da ya tashi daga Landan zuwa New York sau ɗaya ya sha fiye da haka a cikin jirgi.

Kada a ɗauka tasha ba ta fitar da komai. Tana fitarwa, da izinin hukuma, ta bututu da ta magudanar ruwa: tiritiyom, kabon-14, wasu iskoki irin su kirifton da zinon, da ɗan aidin. Ana auna su ana kai rahoto, ana kuma ɗibar samfurin madara da ciyawa da kifi da ruwan yankin. Daga waɗannan ne ake lissafa wancan 0.01 ɗin.

Daga ina aka san illar da kowane milisibat ke yi? Mafi yawan ilimin an samo shi ne daga masifar Hiroshima da Nagasaki. Tun 1950 ake bibiyar mutum kimanin 120,000 a biranen biyu, an san inda kowa yake tsaye lokacin da bam ya tashi, an ƙiyasta abin da ya sha, ana kuma rubuta abin da ya kashe shi. Sankarar jini ce ta fara bayyana, bayan shekara biyu zuwa uku, ta kai ƙololuwa cikin shekara shida zuwa takwas. Kansar huhu da nono da ciki da sauransu sai bayan shekara goma ko fiye suka fara nuna kansu. An kuma ga cewa wanda abin ya same shi yana ƙarami ya fi shiga haɗari. Daga milisibat 100 zuwa sama, dangantakar a fili take, kamar miƙaƙƙen layi: ƙarin awo, ƙarin kansa. Ƙasa da haka sai layin ya dushe, ya ɓace a cikin kansar da mutane ke yi dama can. Sai hukumomi suka zaɓi su ja layin har ƙasa, su ɗauka cewa babu awon da ba shi da haɗari komai ƙanƙantarsa. Akwai masanan da ke cewa an wuce gona da iri, wai ƙaramin awo jiki na shanye shi ba tare da wata illa ba. Ni dai ina ganin hujja ta fi karkata ga hukumomin. Tun 1956 likita Alice Stewart ta Oxford ta nuna cewa hoton eksire da ake yi wa masu juna biyu yana ƙara wa jariran haɗarin kansa, aka daɗe ana musanta ta kafin a sallama. Sannan wani babban bincike da ya bibiyi ma'aikatan nukiliya fiye da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka ya nuna a 2015, ya kuma ƙara tabbatarwa a 2023, cewa ƙananan awo da ke taruwa sannu a hankali cikin shekaru su ma suna ƙara kansa, gwargwadon yawansu.

To mu ɗauki wannan tsattsauran ra'ayi mu yi lissafi da shi. Kwamitin masana na Amurka da ya duba batun a 2006 ya ƙiyasta cewa idan mutum ɗari suka sha milisibat 100 kowannensu, mutum ɗaya zai yi kansa saboda hakan, 42 kuma za su yi ta saboda wasu dalilan. Mutumin da ya shekara 70 a gindin tasha yana shan 0.01 duk shekara ya tara 0.7 ke nan. In ka buga, mutum bakwai ne cikin 100,000, a cikin al'ummar da dama mutum dubu arba'in da wani abu daga cikinsu za su gamu da cutar. Babu binciken da zai iya tsamo bakwai daga cikin dubu arba'in, neman allura ne a cikin rairayi. Wannan ne ya sa binciken manya a kewayen tashoshi kusan kullum yake dawowa hannu rabbana. Cibiyar kansa ta Amurka ta duba mace-mace a gundumomi 107 da ke kusa da wuraren nukiliya 62, ta fitar da sakamako a 1990 cewa ba ta ga ƙari ba. Amma a faɗi gaskiya, gunduma a Amurka ƙasa ce mai faɗi, kuma galibi mamata aka ƙirga. Da akwai wani abu a kilomita biyar na farko, da ya narke a cikin taron.

Shi ya sa aka koma kan yara ƙanana da sankarar jini. Cuta ce da ba ta da yawa, yara huɗu zuwa biyar cikin 100,000 a shekara, don haka ƙari kaɗan ma zai fito fili. Tana saurin bayyana. Ɓargon yaro da na ɗan tayi sun fi komai rauni a gaban radiyeshan. Kuma yaro ɗan shekara uku bai sha taba ba, bai yi aikin masana'anta ba, bai yi ta ƙaura daga gari zuwa gari ba.

Labarin ya faro ne daga Ingila. A 1983 wani gidan talabijin ya je yin shiri a kan ma'aikatan Sellafield, wata babbar masana'antar nukiliya, sai allura ta tono garma: a ƙauyen Seascale da ke maƙwabtaka da wurin, sankarar jini a tsakanin ƙananan yara ta kai kusan ninki goma na abin da aka saba. Yara ne da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, amma a ƙaramin ƙauye hakan ba wasa ba ne. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Douglas Black, ya tabbatar a 1984 cewa ƙarin gaskiya ne, ya kuma ce awon da aka lissafa bai isa ya jawo shi ba. Ba a jima ba aka ga makamancinsa kusa da cibiyar nukiliya ta Dounreay a arewacin Scotland, daga 1990 kuma a ƙauyukan bakin kogin Elbe da ke kallon tashar Krümmel ta Jamus.

Nan aka shiga farautar dalili. A 1990 Farfesa Martin Gardner ya kawo shawarar cewa ta wurin uba abin ke bi, wato radiyeshan ya taɓa maniyyin ma'aikaci kafin a ɗauki cikin. Maganar ta girgiza ma'aikata ƙwarai, har ta kai ga kotu, inda iyalai biyu suka yi ƙarar kamfanin da ke tafiyar da Sellafield suka sha kaye a 1993. Abin da ya karya hujjar shi ne, mafi yawan 'ya'yan ma'aikatan a wasu garuruwan aka haife su ba a Seascale ba, kuma can ba a ga ƙarin ba. Haka ma ba a gan shi a 'ya'yan waɗanda suka tsira daga bam a Japan ba.

Bayanin da ya fi daɗewa a tsaye na Leo Kinlen ne, wanda ya fara kawo shi a 1988, kuma babu nukiliya a cikinsa ko kaɗan. Ya ce a dubi irin wuraren da ake gina waɗannan tashoshi: ƙauyuka ne na can gefe, waɗanda ba su cika cuɗanya da baƙi ba. Kwatsam sai dubban magina da injiniyoyi daga birane daban-daban su sauka da iyalansu. Kowa ya zo da ƙwayoyin cutar garinsu, suka tarar da yaran da jikinsu bai taɓa gamuwa da su ba. A ganinsa sankarar jini wani martani ne da ba kasafai ake samu ba ga wata cuta gama-gari da ke yaɗuwa a irin wannan cakuɗuwa. Ya gwada hasashen a sababbin garuruwan da aka kafa a karkarar Birtaniya da wuraren da ma'aikatan man fetur suka yi sansani a Scotland, ya ga ƙarin a can ma. Wani binciken na 1989 ya ƙara wa mutane mamaki, domin ya iske a yankunan da aka tsara gina tashoshi a Ingila da Wales amma ba a gina ba, alƙaluman sun yi kama da na inda aka gina. Garin Fallon na jihar Nevada a Amurka, mai sansanin sojin sama na ruwa da baƙi ke shige da fice, ya ga yara fiye da goma sha biyar sun kamu cikin 'yan shekaru a wajajen 2000, ba tare da tashar nukiliya a kusa ba. Raunin bayanin Kinlen guda ɗaya ne, amma babba: har yau ba a kama ƙwayar cutar da yake zargi ba.

Akwai kuma aikin sa'a tsagwaronta, wadda zuciyar ɗan Adam ba ta son yarda da ita. Ka ɗebi tsaba cikin hannu ka watsa a daɓe. Ba za ta zauna daidai wa daida ba, wani wurin za ta taru, wani wurin fayau. In ka zo daga baya ka zana da'ira a inda ta taru ka ce lalle akwai abin da ya ja ta nan, ka yaudari kanka. A ƙasa mai dubban ƙauyuka dole wasu su sami yara huɗu ko biyar masu cutar a jere, kuma wanda ke kusa da tasha shi ne zai shiga jarida. Wannan yana iya bayyana wasu tarin, amma bai wanke binciken Jamus ba, domin su sun zana da'irarsu ne kafin su ƙirga. Abin da za a iya cewa kawai shi ne yaran Krümmel, da dama an san da su, suna cikin lissafin, ko da yake masu binciken sun ce ko an cire tashar sakamakon bai ɓace ba.

Bayan 2007 ƙasashe suka bazama kowa na duba gidansa. Finland ba ta ga komai ba. Switzerland ta bibiyi yaran da aka haifa a ƙasar tun 1985, ta ce a 2011 ba ta sami hujja ba, tana mai amsa cewa yawan yaran nata bai isa a yanke hukunci mai ƙarfi ba. Kwamitin masana na Birtaniya da ke bin diddigin batun shi ma a 2011 ya ce babu ƙari a kewayen tashoshin wutarta. Faransa ce ta zo da abu mai ɗaure kai a 2012: tsakanin 2002 da 2007 an sami yara 14 cikin kilomita biyar, kusan ninki biyu, kamar dai Jamus. Amma da aka ajiye ma'aunin nisa aka bi inda iska ke kai hayaƙin tashoshin, wato inda awon ya fi yawa a zahiri, sai dangantakar ta ɓace. Da aka faɗaɗa shekarun zuwa baya ma ba a ga ƙarin ba. A wurina wannan ita ce shaida mafi nauyi a duk tarin. Idan da hayaƙin ne, da cutar ta bi iska.

Masu sukar nukiliya suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa awon da ake bayarwa ƙiyasi ne daga kwamfuta, ba a jikin yaran aka auna ba. Suna cewa ana raba abin da aka fitar ne a kan wata goma sha biyu, alhali mafi yawansa na iya fita cikin 'yan kwanaki, lokacin da aka buɗe tukunyar tashar, wato inda makamashin nukiliya ke ba da zafi, don canza makamashin, kuma in hakan ya dace da makonnin da jinin ɗan tayi ke haɗuwa, illar za ta fi lissafi. Tambaya ce da ta cancanci a bi ta, kuma ya kamata kamfanoni su riƙa fitar da awon kowace rana kowa ya gani. Sai dai giɓin da ake son cikewa ninki dubu ne. Kuskuren ninki biyu ko goma abu ne da ke faruwa a irin wannan lissafi. Na ninki dubu kuwa da na'urorin jami'o'i da na ƙungiyoyin adawa, waɗanda su ma suna auna iska da ciyawa, sun daɗe da kama shi. Ga kuma wata matsalar: da ƙaramin awo irin wannan na ninka sankarar jini, da bambancin radiyeshan na halitta tsakanin wannan lardi da wancan, wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, ya sa wasu lardunan sun zama maƙabartar yara.

Wani abin da ke dagula hirar shi ne ana zuba abubuwa uku a tukunya ɗaya. Tashar wuta mai aiki lafiya daban, masana'antar sarrafa makamashin da aka gama amfani da shi ko ƙera na bam daban, ranar hatsari kuma daban. Sellafield da Dounreay ba tashoshin wuta kawai ba ne, kuma abin da Sellafield ta zubar a teku a shekarun 1970 ya ninka na kowace tashar wuta sau da yawa. A Tarayyar Sobiyet, masana'antar Mayak ta yi ta juye dagwalonta a kogin Techa daga 1949, mutanen ƙauyukan bakin kogin suna sha suna wanka suna kamun kifi. An bibiyi kusan 30,000 daga cikinsu, kuma a nan babu wata jayayya, sankarar jini da sauran kansa sun ƙaru gwargwadon abin da kowa ya sha.

Ranar hatsari kuwa, tashar Chernobyl da ke Ukraine ta koyar da darasin da ya fi kowanne tsada. Tukunya ta huɗu ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986. Ba a kwashe mutanen Pripyat, garin da ke gindin tashar, ba sai washegari da rana, duniya kuma ba ta sani ba sai da na'urorin wata tasha a Sweden suka yi ƙara ranar 28. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 suka kamu da ciwon radiyeshan mai tsanani, 28 suka mutu cikin watannin farko. Amma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Aidin-131 ya sauka a kan ciyawa a Belarus da Ukraine da yammacin Rasha, ga shi bazara ta shigo an saki shanu kiwo. Saniya ta ci ciyawa, aidin ya bi ta nono, uwa a ƙauye ta tatsa da safe ta ba ɗanta kamar kullum, ba wanda ya ce mata kada. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da ake kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta tara aidin, kuma ba ta bambance mai guba da mai kyau. Ta yaro ƙarama ce, ga yankin dama yana da ƙarancin aidin a abinci, sai ta zuƙe shi kamar soso. Zuwa 2005 an ƙirga kansar tayirod fiye da 6,000 a cikin waɗanda suke yara lokacin hatsarin, zuwa 2015 kusan 20,000, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu hatsarin ne ya jawo su. Cuta ce da ake warkewa, waɗanda ta kashe zuwa 2005 su 15 ne, amma wanda aka cire wa tayirod ya kama shan magani ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Abin takaicin, aidin-131 rabinsa ke mutuwa duk kwana takwas. Da an hana shan madarar na wata biyu zuwa uku, da mafi yawan wannan bai faru ba. Kuma an san haka tun da daɗewa. Lokacin gobarar Windscale a watan Oktoba 1957, a wurin nan da daga baya aka sauya wa suna zuwa Sellafield, hukumomin Ingila sun bi gonaki a faɗin murabba'in kilomita 500 suna karɓe madara suna tuttulewa. Poland ma a 1986 ta raba wa yara miliyan goma ruwan aidin mai kyau cikin 'yan kwanaki, don tayirod ta ƙoshi kafin mai gubar ya iso.

Japan ta ɗauki darasin a 2011. Bayan girgizar ƙasa da igiyar tsunami sun lalata tashar Fukushima Daiichi, an kwashe mutane fiye da 150,000, an hana sayar da madara da ganyen yankin. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 ba a ga wata illar lafiya a jikin mazauna da za a jingina wa radiyeshan kai tsaye ba. Sai wata matsalar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. An yi wa yara kimanin 300,000 sikanin na wuya da na'urori masu kaifin gani, aka gano kansar tayirod a ɗaruruwa, iyaye suka firgita, aka yi wa da yawa tiyata. Amma tsarin bai yi kama da na Chernobyl ba. A can ƙananan yara ne suka fi kamuwa, bayan shekara huɗu zuwa biyar, a nan kuwa matasa ne, kuma tun a zagayen farko. Masana da yawa sun tafi a kan cewa na'urar ce ke tono ƙananan ƙulli da mutum zai iya tsufa da su bai sani ba. Koriya ta Kudu ta ga irin haka ba tare da wani hatsari ba: da aka yawaita sikanin, kansar tayirod da ake ganowa ta ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma masu mutuwa da ita ba su ƙaru ba. Kwashe mutanen kuma ya yi tasa ɓarnar. Fiye da mutum 2,000 a lardin Fukushima, galibi tsofaffi da marasa lafiya, an rubuta mutuwarsu a matsayin wadda wahalar ƙaura ta jawo.

In aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Mutumin da ke zaune kusa da tashar wuta mai aiki bisa ƙa'ida, haɗarin kansar da radiyeshan ɗinta ke ɗora masa ƙarami ne ƙwarai, bai kama ƙafar radon ɗin ɗakinsa ba, balle taba, balle hayaƙin tashar kwal, wanda gurɓatar iskar da yake ciki hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta a jerin masu haddasa cutar tun 2013. Tambayoyin da suka fi amfani gare shi su ne wa ke sa ido a kan kamfanin, ko mai sa idon yana cin gashin kansa, ko an raba ƙwayar aidin, da kuma wa zai faɗa masa gaskiya a daren da abu ya lalace. Amma ba na jin daɗin yadda wasu jami'ai ke kawar da batun yaran Jamus da bayan hannu. Cewa "ba radiyeshan ba ne" bai amsa "to mene ne" ba. Amurka ta so ta bi sawun, hukumar kula da nukiliyarta ta nemi a tsara sabon bincike a 2010, sannan ta soke shi a 2015 da hujjar cewa gwajin farko kaɗai zai ci dala miliyan 8 da shekara uku da wani abu, kuma da wuya ya ba da amsa. Ta fuskar lissafi tana da hujja. Ta fuskar amana kuwa, mutanen da ke zargin ana ɓoye musu wani abu an ƙara musu dalili ne.

A Seascale, kwamitin Birtaniya ya ba da rahoto a 2016 cewa ƙarin ya ɓace tun farkon shekarun 1990, ya tafi ba tare da an san abin da ya kawo shi ba. Krümmel an rufe ta a 2011, sauran tashoshin Jamus uku na ƙarshe kuma aka kashe su a watan Afrilu 2023. Cibiyar Mainz na nan tana rubuta kowane yaron da ya kamu, don haka wata rana za a iya gwada kafin rufewa da bayanta. Sai dai yara ashirin cikin shekara 24 bai kai yaro ɗaya a shekara ba a duk faɗin ƙasar, kuma kafin alƙaluma su taru har su yi magana, jariran da ake haifa yau a waɗancan ƙauyuka sun yi nasu 'ya'yan.